Daga Salga zuwa Tankin Siminti: Tarihin Ramin Bayan Gida a Zangon Lome

Gabatarwa

Masu rubuta tarihin Hausawan da ke zaune a ƙasashen waje sun fi mai da hankali ga goro da shanu da malamai da masallatai. Ba kasafai akan tsaya a tambayi yadda waɗannan mutane suka yi da bayan gidansu ba, watakila saboda abin yana da nauyin faɗa. Amma duk inda matafiyi ya sauke kaya ya ce zai kwana, buƙatu biyu ne ke fara taso masa: inda zai sami ruwa, da inda zai kewaya. Idan waɗannan wurare biyu suka kusanci juna fiye da kima, to cuta ta sami hanya.

Wannan takarda za ta duba tarihin ramin bayan gida a unguwar Hausawa ta birnin Lome, hedkwatar ƙasar Togo, tun daga kafuwar unguwar zuwa yau. Za mu ga cewa lafiyar wannan rami ta dogara ne a kan abu biyu: irin ƙasar da aka haƙa shi a cikinta, da kuma tabbacin da mai gida yake da shi cewa zai daɗe a kan wannan ƙasa. A kan hanya za mu yi bayanin yadda tankin siminti na zamani yake aiki, da abin da ake bukata don a kula da shi.

Kalmomi kaɗan kafin a shiga

Yana da kyau ɗalibi ya fara sanin kalmomin, domin Bahaushe ba ya son kiran wannan wuri kai tsaye. Yakan ce bayan gida, ko ban-ɗaki, wanda asalinsa bayan ɗaki ne, ko kuma makewayi, daga aikatau kewaya. Idan baƙo ya ce wa mai masaukinsa "Ina so in kewaya," an gane abin da yake nufi, sai a miƙa masa buta. Shi kuwa ramin kansa ana kiransa masai, ko shadda, ko salga. Kada ɗalibi ya rikita wannan shadda da shaddar da ake ɗinka babbar riga da ita.

Kalmar salga ita ce ta fi jan hankali a nan. Salga shi ne sunan da Hausawa suke kiran garin Salaga na ƙasar Gwanja, a arewacin Gana ta yau, wato babbar kasuwar goro ta ƙarni na 19, garin da ya yi suna saboda yawan rijiyoyinsa. Akwai masu danganta sunan ramin da sunan garin. Ko ma yaya dangantakar take, daga wannan gari ne da yawa daga cikin Hausawan farko na Lome suka taso.

Ita ma kalmar zango tana bukatar bayani. A ƙasar Hausa zango shi ne inda ayari yake yada kaya ya huta. A Gana da Togo da Binin kuwa ya zama sunan unguwar baƙi Musulmi 'yan kasuwa, kuma a can an fi furta shi Zongo. Haka za mu riƙa rubuta shi idan muna nufin unguwar ta Lome.

Yadda Hausawa suka zo Lome

Bayan da Turawan Ingila suka ci Kumasi da yaƙi a 1874, ƙarfin Asante a kan Gwanja ya yi sanyi, hanyoyin fatauci kuma suka fara sauyawa. Fatake suka soma gangarowa daga Salga zuwa bakin teku. A daidai wannan lokaci, wajen 1880, wasu 'yan kasuwa da suke gudun kuɗin fito na Ingilishi a yankin Keta suka kafa rumfunansu a bakin ruwan da ya zama Lome. Tun cikin shekarun 1880 ayarin Hausawa ya fara sauka a wurin. A 1884 Jamusawa suka kafa tutarsu a gaɓar Togo, a 1892 kuma yaƙin basasa ya watse garin Salga, mutanensa suka bazu. Wasu suka koma Kete-Krachi, inda Alhaji Umaru, shahararren malamin nan haifaffen Kano, ya zauna har rasuwarsa a 1934. Wasu kuma suka ƙarasa bakin teku.

A 1897 Jamusawa suka mai da Lome hedkwatar mulkinsu. Suka gina gadar saukar kayan jiragen ruwa a 1904, suka shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Aneho a 1905, zuwa Kpalime a 1907, zuwa Atakpame a 1911. Gari ya yi ta girma, Zongo ma ya yi ta cika. Ban da Hausawa, ya tattara Zabarmawa da Fulani da Yarabawa da Kotokoli da sauran Musulmin arewa, amma Hausa ce harshen da ya haɗa su. Tsarin zaman unguwar ya ginu ne a kan mai gida, wato attajirin da ke saukar da fatake, ya ajiye musu kaya, ya nemo musu masu saye, ya tsaya musu a kan bashi. Wani masani Bafaranshe mai suna Michel Agier ya yi nazarin wannan tsari, ya buga littafi a kansa a 1983. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, gidan mai gida ba ya rabuwa da jama'a: ga iyali, ga barori, ga almajirai, ga baƙin da suka zo da shanu ko goro. Masai guda a irin wannan gida yana ɗaukar nauyin da ya ninka na ƙaramin gida sau da yawa.

Ƙasar Hausa da ƙasar Lome

A Kano ko Katsina, dabarar masai tsohuwa ce kuma ta dace da wurin. Akan haƙa rami mai zurfi a ƙuryar gida, cikin ƙasa mai tauri, a rufe shi da azara da laka, a bar ƙaramin baki. Damina ɗaya ce a shekara, rani kuma yana da tsawo, saboda haka ruwan da ke cikin ramin yakan tsotse, abin da ya saura ya ruɓe a hankali. Idan ya cika sai a toshe shi a haƙa wani. Manoman kewayen Kano kuma sun daɗe suna kwasar takin birni a kan jakuna zuwa gonaki, don haka sharar gari ba ta zama asara ba.

Lome kuwa wata duniya ce dabam. Tsohon garin yana zaune ne a kan wani zirin rairayi, faɗinsa wajen kilomita 2, teku a kudu, tabki a arewa. Damina biyu ake yi, babba daga wajen Afrilu zuwa Yuli, ƙarama a Satumba da Oktoba. A wurare da yawa, in aka haƙa mita biyu ko uku sai a tarar da ruwa. Wannan ya sa rijiya ta yi arha, kusan kowane gida yana iya samun tasa. Amma abin da ya sauƙaƙa rijiya shi ne ya wahalar da masai. Rami mai zurfi ba ya tsayuwa a rairayi, sai ya rufta. In ma ya tsaya, gindinsa yana taɓa ruwan da rijiya take sha. Rairayi kuma ba ya riƙe ƙazanta kamar yadda laka take yi, sai ya bar ta ta wuce. Ke nan dabarar da ta yi aiki ɗaruruwan shekaru a arewa ta zo bakin teku ta gamu da ƙasar da ba ta karɓe ta ba.

Akwai wani batu na addini da ya shiga nan. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Zongo, irin su Ahalari da Ishmawi da Risala, duk suna koyar da tsarki tun a farkonsu. Hukuncin da kowane almajiri ya sani shi ne, ana gane ruwan da najasa ta ɓata ta hanyar canjin launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa. Wannan ma'auni ne na ruwan alwala da wanka. Ƙwayoyin cuta kuwa ba su da launi ko wari, saboda haka ruwan rijiya yana iya zama garau, ya halatta a yi alwala da shi, amma ya kwantar da yaron da ya sha shi. Mutanen Zongo ba ƙazamai ba ne, domin mai salla sau biyar ba ya rabuwa da ruwa. Matsalar tana ƙarƙashin ƙasa ne, inda ido ba ya kaiwa.

Zamanin bokiti da duba-gari

Turawan mulkin mallaka sun zo da tsoron zazzaɓin shawara da na cizon sauro, musamman bayan da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ne ke yaɗa zazzaɓi. Maganin da suka fi yarda da shi shi ne su ware unguwarsu daga ta 'yan ƙasa, su kuma sa ma'aikata su riƙa shiga gidaje suna leƙa randa da kwata da bayan gida. Wannan ma'aikaci shi ne Hausawa suka sa wa suna duba-gari. A Lome mulki ya sauya hannu sau biyu: Ingilishi suka riƙe garin daga 1914, Faransawa suka karɓa a 1920, har zuwa samun 'yanci ranar 27 ga Afrilu, 1960. Amma tunanin hukuma game da tsafta bai sauya sosai ba.

Da yake rami ba ya yiwuwa sosai a biranen bakin teku, sai aka koma ga bokiti. Akan ajiye bokitin ƙarfe a ƙarƙashin wurin tsugunawa, da dare leburori ko fursunoni su bi su kwashe, su kai bakin teku ko bayan gari su zubar. Haka aka yi a Akara da Legas da Lome. A Legas har ɗan ƙaramin jirgin ƙasa aka yi amfani da shi wajen jigilar wannan kaya, zuwa 1933. Tsarin ya daɗe fiye da yadda ake zato, domin sai a 2008 Kotun Ƙolin Gana ta umurci hukumar birnin Akara ta kawo ƙarshensa.

Bokiti ya kare rijiya, amma ya kawo nasa aibun. Yana jawo ƙuda da ɗoyi, yana tumbatsa duk ranar da masu kwasa ba su zo ba, sa'an nan ya ɗora aikin a kan mutanen da jama'a ke raina wa. Ga Musulmi kuma akwai ƙarin wahala, domin mai tsarki da ruwa yana cika bokiti da wuri. Don haka mutanen unguwa suka rarrabu: wasu suna bin masan gwamnati, wasu suna haƙa ɗan gajeren rami a gida, wasu kuma, musamman yara, suna nufar bakin tabki ko bakin teku.

A nan ne batun fili ya shigo. Lome ta yi suna a kan cewa kowa yana ƙoƙarin mallakar gidan kansa, a kan filin da ya saya ya riƙe takardarsa. Zaman mutanen Zongo bai zama haka ba. Hukuma tana kallonsu a matsayin baƙi, unguwar kuma an ɗage ta fiye da sau ɗaya yayin da gari yake faɗaɗa. Hausawa na cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Mutumin da bai san ranar da za a ce ya tashi ba, ko da attajiri ne, zai fi son ya sa kuɗinsa a shanu da goro, waɗanda ake iya korawa ko a ɗauka, a kan ya binne su a siminti ƙarƙashin ƙasar da ba tasa ba.

Kwalara da tashin Zongo

A 1970 annobar kwalara, wadda Hausawa ke kira amai da gudawa, ta shigo Afirka ta Yamma ta ƙasar Gini, ta bi gaɓar teku tare da masunta da 'yan kasuwa, ta iso Gana da Togo. Tun daga nan ta riƙa dawowa Lome lokaci lokaci, musamman da damina, kuma ta fi kama unguwannin da ke kwari, inda rijiya da masai suke maƙwabtaka. Ba sabon darasi ba ne wannan. A birnin Landan a 1854, likita John Snow ya gano cewa famfon wata rijiya a titin Broad ne ya yaɗa kwalara a unguwar, daga baya kuma aka tarar da wani tsohon ramin bayan gida yana yoyo dab da rijiyar. Ruwa ba ya tsami banza.

A tsakiyar shekarun 1970 kuɗin ma'adinin fosfat ya shigo Togo, gwamnatin Shugaba Gnassingbe Eyadema kuma ta ɗauki aniyar mai da Lome birnin taro da bankuna. A 1975 aka sa hannu a yarjejeniyar nan ta Lome tsakanin ƙasashen Turai da na Afirka da Karebiyan da Fasifik. Zongo, wanda a da yake gefen gari, yanzu ya wayi gari a tsakiyarsa, a kan fili mai tsada. A 1977 aka rushe unguwar, aka ba mutanenta fili wajen kilomita 15 arewa da tsakiyar gari, a kan hanyar Atakpame, a yankin Agoe da Togblekope. A tsohon wurin aka gina manyan benayen bankuna. Cunkoso da rashin tsafta suna cikin abubuwan da aka riƙa jingina wa unguwar. Sai dai mai nazarin tarihi ya kamata ya lura da yadda abin ya zagayo: rashin tabbacin zama ya hana a gina masai na ƙwarai, rashin masai na ƙwarai kuma ya zama hujjar a tashi mutane.

Ba kowa ne ya koma sabon wurin nan da nan ba, domin ya yi nisa da kasuwa. Amma a hankali unguwar ta cika, kuma a karon farko mutane da yawa suka yi gini da bulo da siminti a kan filin da suke ganin nasu ne. Daga nan ne tankin siminti ya sami shiga gidajen Zongo.

Asalin tankin da yadda yake aiki

Wani Bafaranshe mai suna Jean-Louis Mouras, mutumin garin Vesoul, shi ne ya gina irin wannan tanki a gidansa wajen 1860, ya kuma yi masa rajista a 1881. A 1895 Donald Cameron ya gina irinsa a birnin Exeter na Ingila. A Togo ana kiransa da sunansa na Faransanci, fosse septique, ramin da ke biye da shi kuma puisard. Hausawan Nijeriya sukan kira su duka biyun sokawe.

Tankin ɗaki ne na bulo ko kankare a ƙarƙashin ƙasa, an shafe cikinsa da siminti don kada ya yi yoyo, an kuma raba shi gida biyu, na farko ya fi girma. Idan ƙazanta ta shigo ta bututu, sai ta kasu uku. Mai nauyi ya kwanta a ƙasa ya zama laka, maiƙo da kumfa su taso sama su yi ɓawo, ruwa kuma ya tsaya a tsakiya. Wasu ƙwayoyin halitta masu rayuwa ba tare da iska ba su ne ke cin lakar suna rage ta. Ana so ruwan ya kwana aƙalla yini ɗaya da dare ɗaya a ciki kafin ya tsallaka gida na biyu, daga can ya fita zuwa ramin tsotsewa, inda ƙasa za ta ƙarasa tace shi.

Abu biyu ya kamata a riƙe. Na farko, ruwan da ke fita daga tanki bai tsarkaka ba, har yanzu yana ɗauke da ƙwayoyin cuta. Ƙasa ce mai aikin ƙarshe, saboda haka tanki ma bai tsere wa tambayar da salga ta fuskanta ba, wato wace irin ƙasa ce a nan, kuma ina ruwa yake? Na biyu, lakar ba ta ƙarewa gaba ɗaya. Kullum tana ƙaruwa, kuma dole wata rana a yashe ta.

Ba kowa ke da kuɗin tanki ba, kuma tanki yana bukatar ruwan kora. Don haka aka nemi hanyoyi masu sauƙi. A shekarun 1970 Peter Morgan ya ƙirƙiro masai mai bututun iska a cibiyar bincike ta Blair, a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu. Bututun yana fitar da wari, ragar da ke bakinsa kuma tana kama ƙuda. A jami'ar Kumasi, Albert Wright ya ƙara masa dabarar rami biyu: a yi amfani da ɗaya, a bar ɗaya ya huta wajen shekara biyu har abin da ke ciki ya zama taki. Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe 1981 zuwa 1990 don ruwan sha da tsafta, a 1988 kuma aka kafa cibiyar CREPA a Wagadugu don yaɗa irin waɗannan dabaru a ƙasashe masu amfani da Faransanci, har da Togo.

Kula da tanki a gidan Zongo

Sabon Zongo ba a kan rairayin bakin teku yake ba, amma yana da tasa matsalar, domin yana kusa da fadamar kogin Zio. A daminar 2008 ambaliya ta karya gadar Amakpape a kan babbar hanyar arewa, ruwa kuma ya mamaye unguwannin da ke gefen Zio, har da Togblekope. A 2010 ma Lome ta sake shan ambaliya. Idan ƙasa ta ƙoshi da ruwa, ramin tsotsewa ba ya tsotse komai. Sai ƙazanta ta dawo da baya, ta ɓullo a tsakar gida, ta gangara rijiya. Saboda haka a wuri mai kwari akan ɗaga bakin tanki da na rijiya sama da ƙasa, a yi musu murfi mai kamawa, a kuma karkatar da ruwan indararo nesa da su.

Ƙa'idojin da masana tsafta suka saba bayarwa ba su da yawa. A bar aƙalla mita 15 tsakanin ramin tsotsewa da rijiya, in da hali mita 30, kuma rijiya ta kasance ta wajen tudu. Gindin ramin ya ɗara ruwan ƙarƙashin ƙasa da mita ɗaya da rabi zuwa biyu. A ƙaramin filin birni wannan nisa yana da wuyar samu, kuma ko mutum ya kiyaye a gidansa, masan maƙwabcinsa na iya kasancewa bayan katanga dab da rijiyarsa. Shi ya sa maganar ba ta gida ɗaya ba ce, sai maƙwabta sun zauna sun daidaita. Inda nisan bai samu ba, ruwan rijiya sai a bar shi ga wanki, na sha kuma a tafasa ko a sa masa sinadarin kulorin.

Sai batun yasa. Akan auna lakar da dogon sanda sau ɗaya a shekara. In ta kai kashi ɗaya cikin uku na zurfin ruwan tankin, lokacin kiran mota ya gabato, in ta kai rabi kuwa an makara. Ƙaramin iyali na iya kai shekara uku zuwa biyar ba su yashe ba, amma gidan mai gida ko gidan haya mai ɗaki goma ba zai kai haka ba. Mai jiran sai tanki ya yi ambaliya yana jawo wa kansa asara biyu, domin lakar da ta tsallaka tana toshe ramin tsotsewa, shi kuma in ya toshe sai dai a haƙa sabo. Ya fi kyau a yashe kafin damina ta faɗi, a kuma bar 'yar laka kaɗan a gindi, ta zama iri ga ƙwayoyin da za su ci gaba da aiki.

Tsarki da ruwa, wanda ya wahalar da bokiti, alheri ne ga tanki, domin ruwa ba ya toshe bututu. Abin da ke kashe tanki shi ne leda da tsumma da ƙunzugun jarirai na zamani da audugar mata. Haka nan kananzir da baƙin mai da magungunan kashe ƙwari, waɗanda wasu ke zubawa don kashe wari, suna kashe ƙwayoyin da ke cin lakar, sa'an nan su ratsa ƙasa su ɓata rijiya. Maganin wari shi ne bututun iska mai tsawo da raga a bakinsa. Abu na ƙarshe, kuma mafi muhimmanci: kada kowa ya shiga cikin tanki, ko ya leƙa shi da ashana ko fitilar kwai. Iskar da ke ciki tana kama wuta, tana kuma sumar da mutum cikin ɗan lokaci, har ma da wanda ya bi shi don ya cece shi.

A gidan haya rigima takan taso a kan wanda zai biya kuɗin mota. A nan tsohon matsayin mai gida yana da amfani. Kamar yadda yake tsayawa baƙo a kan bashi, shi ne ya dace ya tsaya a kan wannan, ya yanka wa kowane ɗaki ɗan abin da zai riƙa bayarwa a wata, don kada ranar yasa ta zo babu ko sisi.

Ina mota take kai kayan?

Ƙidayar 2022 ta nuna cewa Lome da kewayenta sun haura mutum miliyan 2, kuma mafi yawan gidajensu ba a haɗe suke da wani babban bututun ƙazanta ba. Kowane gida da raminsa. Hukuma ta yi dokoki, kamar dokar kiwon lafiyar jama'a ta 2009 da dokar ruwa ta 2010, ta kuma kafa hukumar tsafta ta ANASAP a 2013. A 2019 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, aka kasa Lome da kewayenta gida 13, shida daga ciki a yankin Agoe-Nyive, inda Zongo yake.

Amma tanki rabin aiki ne. Motar yasa, wadda galibi ta 'yan kasuwa ce, tana bukatar hanyar da za ta shiga lungu, mai gida yana bukatar kuɗin da zai biya, lakar kuma tana bukatar wurin da za a sarrafa ta. In babu hanya ko kuɗi, sai a kira masu yasa da shebur da bokiti, su haƙa rami a gefen gida ko a bakin titi su binne. In mota ta kwashe ta je ta juye a fili ko a fadama, to an ɗauke cutar ne daga wata unguwa an kai wa wata. Wannan ɓangare ya fi ƙarfin mai gida, aikin hukuma ne.

Kammalawa

Mun bi Hausawan Lome daga Salga zuwa bakin teku, daga tsakiyar gari zuwa gefen kogin Zio. Mun ga salga ta kasa a rairayi, bokiti ya zo ya wuce, tankin siminti kuma bai samu shiga sosai ba sai da mutane suka sami filin da za su kira nasu. A kowane zamani tambayoyin ba su sauya ba: yaya ƙasar take, ina rijiya take, wa zai yashe, kuma ina za a kai. Ɗalibin da ya samu zuwa wani zango, a Lome ne ko Kumasi ko Kwatano, in ya gama tambayar tarihin masallaci da na sarkin zango, yana iya neman izinin mai gida ya auna taku nawa ne tsakanin rijiya da makewayi. Amsar za ta gaya masa abu mai yawa game da yadda mutanen gidan suka zauna a wurin, da kuma ko suna sa ran daɗewa.